Sai Abin da Ruwa Ya Ce

Saura mako uku gasa, masu shiri suka aiko mana da sanarwa mai layi biyu. Sun ce ba za a yanke hukunci kan iyo ba sai da asubar ranar, bayan an duba tafkin. Idan ruwan bai yi ba, za a maye gurbin iyon da gudu. Mu shida ne muka ba da suna a wannan 'yar gasa ta tirayatulon, wato tseren uku a jere: iyo, keke, gudu, ba tsayawa ba hutu, agogo yana tafiya har lokacin da mutum ke ɗaure igiyar takalmi. Namu shi ne gajeren zango, wanda sababbin shiga suka fi farawa da shi: mita 750 a ruwa, kilomita 20 a kan keke, kilomita 5 a ƙafa. Wata huɗu muka yi muna biyan kuɗin shiga kwamin iyo na wani otal, biyu daga cikinmu ma da gemunsu suka koyi iyon saboda wannan rana. Don haka sanarwar ba ta yi mana daɗi ba ko kaɗan.

Yawancinmu rubuta manhajar kwamfuta ne sana'armu, kuma aikin yana sa wa mutum wata ɗabi'a: idan takarda ta ce 750, to 750 muke jira, ba "sai mun gani" ba. Autanmu ya ce wannan ai rashin tsari ne irin namu na nan, da a Turai ne babu mai yin haka. Maganarsa ce ta sa muka koma muka bi tarihin wasan tun daga tushe, don mu samo hujjar da za mu kai wa masu shiri. Hujjar da muka samo tasu ce. Tun ranar da aka fara wannan wasa, ruwa da hanya da yanayi ne ke da ta cewa ta ƙarshe, alƙaluman da muke ta haddacewa kuwa daga baya aka laƙaba su.

Faransawa na cewa su suka fara, kuma suna da abin nunawa. A farkon shekarun 1920 ana yin wata gasa a Joinville-le-Pont, gefen birnin Faris: gudun kilomita 3, keke kilomita 12, sannan a tsallake kogin Marne da iyo. Dubi yadda aka faɗi tsawon iyon. Ba a ba shi mita ba. Faɗin kogin shi ne tsawonsa, duk yadda Allah ya yi shi a ranar. Sai dai wasan da muka sani yau bai fito daga tsatson wannan gasa ba.

Inda ya fito shi ne San Diyego, a kudancin Kalifoniya ta Amurka, ranar Laraba 25 ga Satumba, 1974. Mutum biyu 'yan ƙungiyar masu gudu ta garin, Jack Johnstone da Don Shanahan, suka shirya ta a gaɓar Mission Bay da yamma, bayan an tashi daga aiki. Kuɗin shiga dala ɗaya. Mutum 46 suka fito, da yawansu da kekunan yawo irin na zuwa kasuwa. Tsarin nata ya bambanta da na yanzu: an fara da gudu, aka hau keke kilomita 8, sannan aka riƙa shiga ruwa ana fita ana gudu ba takalmi a kan yashi da ciyawa, ana komawa ruwan, jimillar iyon bai wuce kusan rabin kilomita ba. Ba wani ilimi ne ya zaɓi wannan tsari ba, shimfiɗar tsibiri da gaɓar wurin ce ta ba da shi. Bill Phillips ya zo na ɗaya cikin ƙasa da awa guda. Na baya kuwa duhu ya riske su a ruwa, sai da aka jera motoci aka kunna fitilu don su ga inda za su fito. Johnstone ya ba da labari daga baya cewa da ya sauka daga keke ya fara gudu, ji ya yi kamar ƙafafun ba nasa ba ne. Duk wanda ya taɓa gwadawa ya san abin da yake nufi. Mu ma ranar farko haka muka riƙa tafiya kamar agwagi.

Abu ɗaya daga wannan rana bai daɗe ba, wato ajiye iyo a ƙarshe. Wanda ya gaji a kan hanya yana iya zama a gindin bishiya. Wanda jijiya ta ɗaure wa ƙafa a tsakiyar ruwa ba shi da gindin bishiya. Shi ya sa iyo ya koma farko, ya zauna a nan har yau.

Cikin mutum 46 ɗin nan akwai wani hafsan sojan ruwa, John Collins, da matarsa Judy. Aiki ya mayar da su Hawayi, inda a 1977, wurin wani bikin ba da kyaututtukan gudu, gardama ta kaure kan wa ya fi juriya tsakanin mai iyo da mai gudu da mai keke. Ma'auratan suka ce a haɗa manyan gasanni uku da tsibirin Oahu ke da su a yi su rana ɗaya: iyon tekun Waikiki mai mil 2.4, tseren keke na zagaye tsibirin mai mil 115 wanda a kwana biyu ake yin sa, da gudun dogon zango na Honolulu mai kilomita 42.195. Daga nan aka samu Ironman.

Yau mutane na zana waɗannan alƙaluma a jikinsu kamar wani sirri ne a cikinsu. Mil 112 na keke, wato kilomita 180, ya samu ne saboda an yanke mil 3 daga tseren asali, don a fara shi inda iyo ya ƙare, a gama shi daidai hasumiyar Aloha inda gudun Honolulu ke farawa. Iyakar hikimar ke nan. Da tsibirin ya fi haka girma, da masu Ironman na duniya sun fi haka shan wahala.

Ranar 18 ga Fabrairu, 1978, mutum 15 suka shiga ruwa, 12 suka gama. Ba a rufe hanya ba, babu rumfunan shan ruwa, kowa da motar 'yan rakiyarsa. John Dunbar yana kan gaba a gudu sai ruwan shan 'yan rakiyarsa ya ƙare, suka miƙa masa abin da ya rage musu a mota, wato giya. Ya ƙarasa na biyu yana tangaɗi. Gordon Haller, tsohon sojan ruwa mai tuƙin tasi, ya ci da awa 11 da minti 46 da daƙiƙa 58. A shekara ta biyu, 1979, iska da igiyar ruwa suka sa aka ɗage gasar da kwana ɗaya, da yawa daga waɗanda suka yi niyya suka janye, aka sake tashi da mutum 15. A ranar ce Lyn Lemaire ta zama mace ta farko da ta gama. A 1981 Valerie Silk, wadda ragamar gasar ta koma hannunta, ta ɗauke ta gaba ɗaya daga Oahu saboda cunkoson motoci, ta kai ta Kona a babban tsibirin. An tsere wa motoci, aka faɗa hannun wani abokin gaba: hanya miƙaƙƙiya cikin baƙin dutsen da aman wuta ya bari, ba inuwa, ga iska mai bugowa daga gefe har ta ture mutum daga kan keke. A wannan hanya ce, a Fabrairun 1982, wata ɗaliba mai suna Julie Moss da ke kan gaba ta faɗi saura 'yan mitoci, Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuma ta ƙarasa da rarrafe. Tashar talabijin ta ABC ta nuna wa Amurka hoton, kuma daga nan wasan ya bazu. Abin mamaki ne a ce ganin mutum na rarrafe shi ya ja dubbai suka ce su ma sai sun gwada, amma ɗan Adam ke nan.

Da wasa ya bazu sai aka buƙaci ma'auni ɗaya, domin ba kowa ke da kwana guda na wahala da zai bayar ba, talabijin ma ba ta da shi. A tsakiyar shekarun 1980 masu shirya gasanni a biranen Amurka suka tsaya a kan kilomita 1.5 na iyo, 40 na keke, 10 na gudu. Aro suka yi: mita 1,500 shi ne tsere mafi tsawo a kwamin iyo, kilomita 40 sanannen zango ne wurin masu keke, mita 10,000 kuma shi ne mafi tsawo a filin tsere. A 1989 aka kafa hukumar wasan ta duniya a garin Avignon na Faransa, ƙarƙashin Les McDonald na Kanada, aka yi gasar duniya ta farko a nan cikin watan Agusta, Mark Allen da Erin Baker suka ci. A 1994 kwamitin Olamfik ya karɓi wasan, aka fara yin sa a Sidni a shekarar 2000, inda Brigitte McMahon ta Suwizalan da Simon Whitfield na Kanada suka ɗauki zinare. Ko a can sai da aka sa masu nutso su bi 'yan wasa ta ƙarƙashin ruwa da na'urar korar kifin shak.

To namu 750 da 20 da 5 fa? Rabin na Olamfik ne, ba ƙari ba ragi. Mai aikin ofis na iya gamawa cikin awa ɗaya da rabi ko biyu ya koma gida. Wato alƙaluman da muka yi fushi a kansu rabin aron aro ne.

Daga nan muka buɗe littafin dokokin hukumar, wadda tun 2020 ake kira World Triathlon, sai muka tarar da wani abu da ya rage mana ƙarfin gwiwar zuwa ƙorafi. Shafuka da dama na dokar bayani ne kan lokacin da za a rage zango ko a soke shi. Ga 'yan sha'awa irinmu, idan zafin ruwa ya kai digiri 22 a ma'aunin Salsiyas an hana sa rigar robar nan mai tsare sanyi, idan ya sauka ƙasa da 16 kuma sa ta dole ne. Ƙasa da 12 babu iyo. Idan ya kai 32 ma babu iyo. Iyakar ta sama ba ta zo a banza ba: a Oktoban 2010 wani gwanin iyo ɗan Amurka, Fran Crippen, ya rasu ana tsakiyar tseren kilomita 10 a ruwa mai ɗumi a Fujaira ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, abin da ya sa hukumomin wasannin ruwa suka farga cewa ruwan zafi na kisa kamar na sanyi. Jiki mai aiki yana neman inda zai zubar da zafinsa, idan ruwan da ke kewaye da shi ya kusa ɗumin jini, babu inda zai kai shi.

Zafin kan tudu ma ya bar tabonsa a doka. A Satumban 2016, a tsibirin Cozumel na Meziko, Jonny Brownlee na Ingila yana kan gaba saura 'yan ɗaruruwan mitoci sai zafi ya juya masa kai, ya fara layi kamar zai kife. Henri Schoeman na Afirka ta Kudu ya wuce ya ci. Yayan Jonny, Alistair, ya rungumo ƙanensa ya ja shi har bakin layi ya tura shi. Duniya ta yaba, hukuma kuma daga baya ta hana irin wannan taimako. Bayan shekara uku, a gwajin da aka yi a Tokiyo kafin Olamfik, an rage gudun mata daga kilomita 10 zuwa 5 saboda zafi, aka kuma soke iyon nakasassu saboda ƙazantar ruwa. Da gasar kanta ta zo a 2021, ƙarfe 6:30 na safe aka tashe ta.

Akwai kuma wani lissafi da ya sa muka yi shiru. Likitoci a Amurka sun bi diddigin mutuwa da tsayawar zuciya a gasannin tseren uku daga 1985 zuwa 2016, suka samu 135, kuma 90 daga ciki a ruwa suka faru. Haɗarin bai bambanta sosai tsakanin gajeren zango da dogo ba. Mun ɗauka gajarta kariya ce. Ashe haɗarin yana nan tun daga mintunan farko, lokacin da taro ya afka ruwa gaba ɗaya, ƙafar wani a fuskarka, zuciya na bugu, ba ka ganin ƙasa, ba kuma bango da za ka dafa kamar a kwamin otal.

Amma inda tarihin ya fi shafar sanarwarmu shi ne ƙazantar ruwa, musamman bayan ruwan sama. A Yunin 1998 aka yi gasa a tafkin Springfield na jihar Illinois, bayan an sha mamakon ruwa. Mutum 876 suka shiga, kowa ya koma jiharsa lafiya lau. Bayan mako ɗaya zuwa biyu zazzaɓi da ciwon jiki suka fara kwantar da su ɗaya bayan ɗaya, kusan mutum ɗari, a garuruwa daban-daban, yadda likitan kowannensu bai san da sauran ba. Cutar leftosfira ce, wadda ke fitowa daga fitsarin dabbobi. Ruwan sama ya wanko ta daga gonaki zuwa tafki, kuma waɗanda suka haɗiyi ruwan su suka fi kamuwa. Ranar gasa tafkin bai nuna wata alama ba.

Babban labarin dai na Faris ne, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A Olamfik ta 1900 a cikin kogin Sen aka yi tseren iyo. A 1923 aka haramta wanka a cikinsa, haramcin da ya shekara ɗari. Matsalar tana ƙarƙashin ƙasa: magudanun da aka gina wa birnin a ƙarni na 19, zamanin Haussmann da injiniyansa Belgrand, hanya ɗaya suka yi wa ruwan sama da ruwan bayan gida. Idan sama ta yi da ƙarfi magudanun sukan cika, kuma don kada ƙazanta ta dawo cikin gidaje sai a sake ta cikin kogi. Jacques Chirac, yana magajin gari, ya yi alkawari a bainar jama'a cewa zai yi wanka a Sen. Ya zama shugaban ƙasa, ya sauka, ya rasu a 2019 bai shiga ba. Da birnin ya samu Olamfik ta 2024 sai aka zuba kusan Yuro biliyan 1.4 a gyaran kogin, har da wani makeken rumbu a ƙarƙashin ƙasa kusa da tashar jirgin Austerlitz, mai ɗaukar ruwan da zai cika kwamin Olamfik 20, don ya riƙe ambaliyar har sama ta ɗauke. Ranar 17 ga Yuli magajiyar gari Anne Hidalgo ta shiga kogin ta yi iyo a gaban kyamarori.

Ranar 26 ga wata, daren buɗe wasanni, sama ta tsuge. Aka soke atisayen iyo na ranar 28 da na 29. Ranar 30, da maza za su yi tserensu, aka sanar kafin asuba cewa an ɗage. Mutanen da suka yi shekaru suna shiri, wasu sun riga sun tashi sun ci abincin safe, suka koma suka kwanta. An kuma faɗa musu cewa idan abin ya ci tura za a cire iyo a yi tseren biyu, gudu da keke da gudu. Kalma da kalma, sanarwar da aka aiko mana ce.

Akwai wani ɓangare na wannan labari da ya taɓa mu a matsayin masu aikin kwamfuta. Ma'aunin hukumar ga ruwan kogi da tafki shi ne kada ƙwayar E. coli ta wuce 1,000 a cikin mililita 100. Amma ba a ƙirga ƙwayar nan take. Sai an ɗebi ruwa an kai ɗakin gwaji an jira ta tsiro, abin da ke cin kusan kwana guda. Ke nan sakamakon da jami'ai ke dubawa da asuba labarin kogin jiya ne, ruwan da aka auna ya riga ya yi nisa a hanyarsa ta zuwa teku. A wurin aikinmu babu abin da muke tsoro kamar allo ya nuna kore alhali bayanin da ke bayansa tsoho ne. Su ma sun san haka, shi ya sa suke haɗawa da yawan ruwan da ya sauka cikin dare, da ƙarfin gudun kogi, da hasken rana, sannan wani mutum ya ɗauki nauyi ya ce a shiga ko kada a shiga.

Ranar 31 aka ce a shiga. Mata suka fara da ƙarfe 8, kogi na jan su da ƙarfi, suka fito suka tarar da titi jiƙe da ruwan daren, da dama suka zame suka faɗi a kwana. Cassandre Beaugrand ta ci a gaban mutanen ƙasarta. Maza suka tashi 10:45, rana ta riga ta buɗe, Alex Yee na Birtaniya ya kamo Hayden Wilde na Niyuzilan saura ƙiris. Bayan kwanaki ƙasar Beljiyam ta janye daga tseren miƙa-sanda saboda rashin lafiyar 'yar wasanta Claire Michel. An yi ta zargin kogi, ita kuma ta ce gwaji ya nuna wata ƙwayar cuta ce daban. A Yulin 2025 aka buɗe wurare uku a Sen don jama'a su yi wanka, kuma har yanzu ana rufe su idan an yi ruwa.

Da muka kai nan autanmu ya janye maganarsa. Sai dai babbanmu ya kawo wata da ta fi ta nauyi. Ya ce duk wannan doka an rubuta ta ne a ƙasashen da damuwarsu sanyi ne da magudanar birni. Gwajin ruwan da take nema yana duba E. coli da wata ƙwayar hanji, da tsamin ruwa, da gansakuka mai dafi. Ba ya neman abin da kowane ɗan ƙauye a ƙasar Hausa ya sani game da ruwa mai kwanciya, wato tsargiya.

Ɗayanmu ya kira yayarsa likita ya sa ta a lasifika. Ta saurare mu har muka gama, sannan ta ce, "Ƙanena, ku da kuka yi boko, kun tambaya ko yaran garin da ke wanka a tafkin nan suna fitsarin jini?" Ba mu tambaya ba. Ta tuna mana yadda abin yake: tsutsar tana girma a jikin ƙananan dodon-koɗi na ruwa, ta fito ta yi yawo, ta huda fatar mutum cikin 'yan mintuna, ba sai ya sha ruwan ba. Alamar ba ta bayyana sai bayan makonni ko watanni. Babu ita a teku, babu ita a kwamin da ake zuba wa maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa mutanen San Diyego da Hawayi ba su taɓa tunaninta ba. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a Alƙahira tun 1851, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu ita. A wasu ƙauyukanmu ta yi yawan da har ana ɗaukar jan fitsarin yaro alamar balaga. Madatsun ruwa da hanyoyin ban-ruwa sukan ƙara mata gida, kamar yadda aka gani a tafkin Volta na Gana bayan gina Akosombo. A 1974 ɗin da su Johnstone ke haska ruwa da fitilun mota, a shekarar ce aka kammala madatsar Tiga a Kano zamanin Audu Bako. Manyan ruwayenmu na zamani sa'annin wasan ne, amma ba su taɓa sanin juna ba. Ta ce akwai magani, firazikwantel, sai dai manyan tsutsotsi yake kashewa, don haka haɗiyarsa washegarin gasa ba shi ne mafita ba. Wanda ya shiga irin wannan ruwa ya jira makonni ya je a gwada shi.

Tun daga ranar shirinmu ya sauya kama. Mun daina kallon agogo, muka fara kallon wuri. Asabar ɗin da ta wuce mun hau kekuna mun bi hanyar gasar a daidai lokacin da za a yi ta. Wayoyinmu sun ce ba ta cika kilomita 20 ba, kuma babu wanda ya damu. Abin da muka rubuta shi ne inda damina ta ci gefen kwalta, da kwanar da ruwa ya tara wa yashi, da tudun rage gudu guda uku da ba a shafa musu fenti ba, da mahaɗar da masu adaidaita sahu ke juyawa ba sigina, da wani wuri bayan gada inda garken tumaki ke tsallakawa da hantsi. Mun rage iskar taya kaɗan. Mun mayar da atisayen gudu zuwa ƙarfe tara na safe maimakon bayan asuba, domin a wannan lokacin ne za mu sauka daga keke ranar gasa, kuma zafin ƙarshen damina mai gumi ne, ba ya barin jiki ya huce. A kwami mun koyi ɗaga kai duk bayan 'yan bugu muna neman alama a nesa, tunda tafki ba shi da baƙin layi a ƙasa, muka kuma riƙa shiga layi ɗaya mu shida muna gogar juna da gangan. Mun ƙara wani atisaye da ba mu so: gudu, keke, gudu. Waɗanda suka san wasan sun ce ya fi mai iyon cin ƙafa, mun kuwa gaskata.

Ga masu shiri mun aika da tambaya uku maimakon ƙorafi. Kwale-kwale nawa za su bi masu iyo, kuma su wa ke cikinsu? Yaushe za a ɗebi ruwan gwaji, kuma me za a yi idan sama ta zuba bayan an ɗiba? An tambayi asibitin yankin ko masuntan wurin game da tsargiya? Sun amsa biyun farko. Ta ukun sun ce za su bincika.

A tsakaninmu ba mu daidaita ba. Uku sun ce idan amsar ba ta zo ba, ko an busa usur ba za su shiga ruwan ba, za su nemi a bar su su yi keke da gudu ko da ba za a rubuta musu lokaci ba. Biyu sun ce za su shiga su je gwaji daga baya. Na shidan, ɗaya daga cikin waɗanda suka koyi iyo da gemu, bai ce komai ba. Jiya da dare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, yau da safe ya turo mana hoton jakarsa ya riga ya haɗa: tabaran iyo da hular roba a gefe ɗaya, takalman gudu ƙafa biyu a ɗaya gefen, da gwangwanin da babu komai a ciki. Ya ce gobe Asabar zai je bakin tafkin ya zauna da masunta, ya ga ko akwai dodon-koɗi a cikin ciyawar gaɓa.